Sarkin Shanu da Shayin da Ya Huce

Gardamar farko da na ga Rufus ya yi a ƙasar nan, rago ne ya yanke hukuncinta, kuma bai ba shi gaskiya ba.

Babbar salla ta matso, ɗana Ɗalhatu ya ce mu je wata gona a Umm Salal, can bayan garin Doha, mu zaɓi ragon layya. Issifu ne ya ɗauke mu, direban tasi ɗan zangon Kumasi, wanda bakinsa ya fi motarsa gudu. Sai Rufus maƙwabcinmu ya ce zai raka mu. Shi ba layya yake yi ba, Kirista ne ɗan Kafanchan, amma wai in ana zancen dabba dole a tafi da masani. Ya fito da malafar kaboyi a ka da takalmi mai tsinin baki, cikin ranar da ko ƙadangare ya nemi inuwa.

A hanya ya sa mana irin kiɗan da yake so, wanda ake ce wa kantiri. Gita ce a hankali, mace da namiji suna rerawa kamar waɗanda aka yi wa rasuwa amma an bar musu gado. Issifu ya daure har muka fita gari, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ai tafiyar jaki ce. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Cire mana kafin in yi barci a kan sitiyari."

"Me ka sani?" in ji Rufus. "Kiɗan makiyaya ne. Sai mai kiwo a jini yake jin sa."

"Kai shanu nawa ka taɓa kiwo?"

"Ba a yawan shanu abin yake ba, a zuciya yake."

Da muka isa gonar, Issifu ne ya shige gaba. Ya nuna wani rago mai murɗaɗɗen ƙaho ya ce, "Yalla, mai zuciyar kiwo, kamo mana wancan." Rufus ya gyara malafa, ya tunkari ragon yana fito. Ragon ya dube shi, ya dubi malafar, ya ja da baya taku biyu. Ni da na girma cikin tumaki na san ma'anar wannan ja da bayan. Rufus bai sani ba, amma ya koya nan take. Kafin in ce "Kauce!" yana can bisa tankin ruwa ya naɗe ƙafafu, ragon kuwa yana ƙasa yana ɗanɗana bakin malafar.

Issifu ya ɗaga kai ya ce, "Sauko, Sarkin Shanu, talakanka ya gama gaisuwa."

Sunan ya bi shi har yau. Ragon kuwa shi muka saya, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya ci naman salla da ramuwar gayya irin Rufus ba.

Son kantiri gado ya yi. Babansa ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan, yana da rediyo mai jakar fata wadda ba a taɓa wa. Ran Lahadi in an taso daga coci aka ci abinci, tsohon zai miƙe ƙafa a inuwar mangwaro ya kunna, a yi ta wannan kiɗan har la'asar. Rufus ya ce shi bai san kiɗan baƙi ba ne sai da ya shiga sakandare, a zatonsa wasu mutanen Jos ne ke yi da Turanci. Gita a ƙungiyar mawaƙan coci ya koya, gyaran firji da esi kuma a wajen kawunsa. A cocin nan ya ga Dorkas, tana makarantar koyon aikin nas, tana rera waƙa tana hararar duk wanda ya yi kuskure. Shi ya fi kowa shan harara, har ya saba, har ya aure ta.

Ita ta fara zuwa Doha, wani asibiti ya ɗauke ta. Shi ya biyo baya, ya sami aiki da kamfanin da ke kula da esi na manyan ofisoshin Mushairib. 'Yarsu ɗaya, Marvelous, suka bar ta a gida wajen kakarta saboda makaranta. Suka kama ɗaki a Al-Sadd, bango ɗaya tsakaninmu, kuma bangon Al-Sadd bai iya riƙe sirri ba. In an yi atishawa a can, ni nake cewa alhamdulillahi a nan.

To ga abin da bangon ya gaya mini. Da safe muryar namiji, da rana shiru sai minsharin mace, da yamma muryar mace, daga nan muryar namiji da gita. Muryoyin biyu a lokaci ɗaya kuwa, sai in yi wata ban ji ba. Dorkas aikin dare take yi, Rufus aikin rana. Hutunta ba ya faɗowa ranar hutunsa. Inda suke ganin juna shi ne tashar metiro ta Mushairib, inda layuka suke haɗuwa. Ita ta taso tana neman jirgin Al-Sadd, shi ya sauko daga jirgin Al-Sadd zai shiga aiki. Wani lokaci a kan matakalar nan mai tafiya da kanta suke gamuwa, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Ya ɗaga mata hannu, ta nuna masa maɓallin rigarsa da bai ɓalle ba, ƙarfe ya wuce da kowa.

Kafin ya fita kullum yakan dafa shayi ya bar mata a fulas. Fulas ɗin tsoho ne, murfinsa ba ya kamawa, kafin ta iso ya huce. Wata rana ya ɗauki gita ya rera mata ban haƙuri a saƙon murya:

Na bar miki shayi a fulas,
In ya huce ki yafe mini.
Na bar miki filo da ɗumi,
Kafin ki zo ya riga ni fita.

Ita kuma lokacin hutunta a asibiti ta shiga ɗakin ajiyar barguna, ta rufe ƙofa, ta sa abin ji a kunne, ta amsa masa ƙasa-ƙasa don kada marasa lafiya su ji:

Na sha shayinka ya huce,
Sukarin ma ya yi yawa.
Gobe ma dai ka bar mini,
Kar ka rage, kar ka ƙara.

Haka suka yi ta yi, baiti daga nan, baiti daga can, har waƙa ta cika. Rufus ya zauna da wayarsa ya ɗinke muryoyin, ya yanke inda ya yi tsawo, ya matso da inda ya yi nisa, har ka rantse suna zaune gwiwa da gwiwa. Dorkas ta sa wa wata abokiyar aikinta ta ji. Kun san sirrin da ya shiga kunnen nas a aikin dare. Kafin mako ya zagayo, waƙar ta gama Doha ta haye teku.

Abin da ya biyo baya ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tunani. Nas-nas ɗin Filato da na kudancin Kaduna suka riƙa sa ta suna share hawaye a motar asibiti. 'Yan zango, waɗanda ban taɓa jin sun saurari gita ba, suka ɗauke ta kamar tasu, don su ma da yawansu ɗaya na fita ɗaya na shiga ne, in ma matar tana ƙasar. Harrison, dattijon cocinsu, ya saurara sau biyu ya ce muryoyin sun yi kyau, amma ya nemi sunan Ubangiji daga farko har ƙarshe bai samu ba, sai sukari. Wani a Jos ya rubuta cewa wannan ba kantiri na asali ba ne, an sa masa zaƙin zamani. Wata a Kumasi ta ce ita ba ta san na asali ba, amma mijinta ya ji waƙar ya sayo fulas. Issifu, mai cewa tafiyar jaki, shi ne ya fi kowa sa ta a tasi, in fasinja ya tambaya ya ce, "Ƙanena ne, ni na koya masa kiwo."

Har suna aka raɗa musu, wai Rana da Wata. Mata a gida suna zungurin mazajensu da su: dubi Rufus, dubi yadda ake son mace. Ni dai na ce, waɗanda suka sa sunan nan ba su yi tunani ba. A garinmu ranar da rana ta haɗu da wata, gwangwani yara ke ɗaukowa suna bugawa suna roƙon a saki juna.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata safiya Dorkas ta dawo aiki, maimakon ta buɗe ƙofarta sai ta ƙwanƙwasa tawa. Ta zauna da kayan aikinta a jiki, idanu sun faɗa.

"Kaka, kwantiragina zai ƙare bayan Kirsimeti. Ba zan sabunta ba. Gida zan koma."

"Ke da ake kiɗa da sunanki har Kumasi?"

"Kiɗa ba ya tambayata yaya na kwana. Mijina yana cikin waya, 'yata tana cikin waya. In dai zaman kaɗaici ne, gara in yi shi kusa da Marvelous."

"Sarkin Shanu ya sani?"

"Na bar masa saƙon murya."

"Me ya ce?"

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ya aiko da sabon baiti."

Ana cikin haka Issifu ya tashi aurar da ƙanwarsa Nasira, ya rantse ba za a kai amarya ba sai Rana da Wata sun rera waƙar shayi da bakinsu a gaban jama'a. Dorkas ta yi musayar aiki da wata don ta samu zuwa. Aka kama wata gona mai rumfa a Umm Salal, lokacin zafi ya fara sauka, aka taru da la'asar. 'Yan zango da shaddodinsu, mutanen coci da atamfofinsu, shinkafa da wake irin na Kumasi sai ka ture. Rufus ya zo da sabuwar malafa. Na ce masa ya duba ko dangin marigayi ragon nan suna kusa.

Aka ba su abin magana ɗaya su biyu, wuri ya yi tsit. Rufus ya rufe ido kamar yadda yake yi shi kaɗai a ɗaki, ya rera baitinsa tsaf. Da ya kai ƙarshe sai ya ci gaba da kaɗa gita, yana kaɗawa, yana kaɗawa, don a waya haka yake barin fili mai tsawo, daga baya ya yanke. Dorkas tana jira ya ɗago ya ba ta alama, shi ido a rufe. Da ta gaji ta shiga, daidai nan shi ma ya shiga baiti na gaba. Suka yi karo. Aka yi dariya, aka tafa, suka sake daga farko. Wannan karon ta shiga a kan lokaci, amma da muryar ɗakin barguna, wadda ko amarya da ke kusa ba ta ji ba. Ya ce mata, "Ɗaga murya." Ta ce, "Kai rage gudu." Duk wannan a bakin abin magana, har na bayan rumfa sun ji. A karo na uku ya manta baitinsa, hannunsa ya tafi aljihu neman waya.

Issifu ya ga bikin ƙanwarsa zai zama fagen dambe, ya ce, "Khalas, khalas, a sa ta waya kawai!" Aka jona wa lasifika. Nan take muryoyin nan biyu suka cika gonar, a haɗe kamar zare da allura. Jama'a suka miƙe, ango ya kama hannun amarya, tsofaffi suna amshi, har Harrison na ga yana kaɗa ƙafa. Kowa ya manta da masu waƙar. Suna nan tsaye gefen rumfa kafaɗa da kafaɗa, kamar baƙi biyu da suka haɗu a lif. Kujerata tana kusa, na ji abin da Dorkas ta ce masa ba tare da ta dube shi ba.

"Ka ji su? Waɗancan biyun sun fi mu sanin juna."

 Rufus ya cire malafa ya riƙe a hannu, har aka tashi bai mayar ba.

Bayan 'yan kwanaki esin ɗakina ya fara ɗigar ruwa, Rufus ya shigo dubawa. Yana bisa kujera na ce, "Sarkin Shanu, garkenka zai watse. Saniya ɗaya gare ka, ita ma ta kama hanyar gida."

"Na sani, Kaka. Ina shirya mata wata waƙa. Wannan in ta ji..."

"In ta ji za ta yi kuka, ta share hawaye, ta ci gaba da haɗa akwati. Ragon nan na Umm Salal ya fi ka hankali. Shi da ya ga abin da yake so, saƙo ya aiko maka? Da ƙafarsa ya zo."

Ya ci gaba da murɗa wani abu da ba ya bukatar murɗawa. Can ya ce, "In muna tare ban san abin da zan ce mata ba. A waƙa ina da lokacin gyarawa."

"Maigidana, kakanku, ya zauna da ni har ya mutu bai taɓa gyara magana ba. Ta fito a karkace, mu yi faɗa, mu ci tuwo. Aure ke nan, ɗan nan. Wanda kake yi kai sunansa gidan rediyo."

Ban ce maganata ce ta juya shi ba, don Rufus ba a juya shi da magana, sai da ƙaho. Ina ganin ƙahon tun a wajen biki ya same shi. Abin da na sani shi ne ya je wajen manajansu ya roƙi a mayar da shi cikin masu aikin dare. A lokacin ana shirin ba shi shugabancin masu aikin rana, abin da ya daɗe yana jira. Manajan ya tambaye shi ko lafiya, sannan ya amince da sauri kafin ya canja ra'ayi, don aikin dare ba mai so. Shiga cikin silin ne da rarrafe a ofisoshin da ba kowa, da hawa rufin bene. Muƙamin ya tafi hannun wani. Gitar coci ma ta tafi, don ibadarsu a nan ran Juma'a da safe ce, shi kuwa lokacin yake dawowa, in ya je a bencin baya yake zama yana gyangyaɗi kusa da matarsa.

Dorkas ba a waya ta ji labarin ba. Ta sauko a Mushairib wata safiya ta tarar da shi a gindin matakala yana jiranta, da jakar kayan aiki da ƙurar silin a gashi. Suka hau jirgi ɗaya suka nufi gida ɗaya.

Kada ku zaci daga nan sai zuma. Makonnin farko bangon nan ya sha wahala. Faɗa a kan labule, faɗa a kan wa ya fi minshari, faɗa a kan sanyin esi, shi mai gyaran esi wai bai iya saita na ɗakinsa ba. Har sukarin da ta ce a waƙa kar ya rage, ranar farko ta ce ya rage. Ni kuwa ina kwance ina saurare da jin daɗi, don tunda na zo garin nan ban ji abin da ya yi kama da gida irin wannan hayaniyar ba. A hankali faɗan ya ragu, aka fara jin dariya, aka fara jin muryoyi uku ran Asabar in sun kira Marvelous.

Kirsimeti ta zo ta wuce. Dorkas ta ƙara shekara ɗaya, da sharaɗin yarinyar za ta zo musu hutu. Na tambaye ta bayan shekarar fa, ta ce, "Kaka, bari mu ga ta bana tukuna." Ban matsa ba. Na ga aure da yawa, na san wanda aka ce za a ga ta bana yakan fi wanda aka rantse a kansa daɗewa.

Waƙa ta biyu kuwa ba ta fito ba, kuma mutane ba su yafe ba. Wata Juma'a da rana Issifu da Harrison suka tare Rufus a falonmu, ya shigo aron tsani. Karo na farko ke nan da na ga bakinsu ya zo ɗaya.

"Fasinjoji sun dame ni," in ji Issifu. "Kullum ina ta biyu, ina ta biyu. Har daga gida ana tambaya. Kun kama hanyar suna, kai ka je ka shige silin kamar ɓera."

"Baiwa ce Ubangiji ya ba ku," in ji Harrison. "Ba a binne baiwa. Ko da sukarin ne, mun haƙura, ku yi."

"Dā da ba kwa ganin juna kun yi waƙar da ta sa duniya kuka," Issifu ya ƙara. "Yanzu ga ku ɗaki ɗaya, ga gita, ga lokaci. Me ya hana?"

Rufus ya saɓa tsanin a kafaɗa, ya dubi wannan, ya dubi wancan.

"Waccan waƙar shayin da ya huce ce ya yi ta. Yanzu da zafinsa muke sha, mu biyu. Issifu, kai da ka san komai, ka taɓa ganin mai waƙa da shayi mai zafi a baki?"